Mata Masu Dubara: daga asusu zuwa kasuwar amfanin gona

Masu saurarenmu na Barmu da ƴan'uwa da ke bida a Abijan da Libiya, idan kun ji muna cewa "Mata Masu Dubara", ga abin da ake nufi.

Tsari ne da ƙungiyar CARE ta soma a jihar Maraɗi a 1991, bisa adashin da iyayenmu mata suka daɗe da sani. Matan gungu ɗaya suna haɗuwa kowane mako, kowace ta zuba abin da aka tsaida. Kuɗin na shiga akwati mai kwaɗo uku, makullan kuma suna hannun mata uku dabam. Su ke zaɓen shugaba da ma'ajiya, su ke ba junansu bashi, in zagaye ya cika a raba. Daga Nijar ne tsarin ya bazu zuwa ƙasashen Afirka da dama.

To, me ya haɗa akwati da gona? Lokacin saidawa. Wadda ba ta da ko dala da kaka, dole ta ba ɗan kasuwa wakenta a farashin da ya yanka, ta dawo da bazara ta sayi tiya da tsada. Wadda gungunta ya ranta mata kuwa, tana iya jira. Wasu gungaye sun ƙara da warantaj, wanda shirin FAO ya yaɗa a Nijar tun 1999: a tara hatsi ko wake a mangaza, a sa kwaɗo biyu, ɗaya na gungu, ɗaya na mai ba da bashi. In farashi ya tashi a saida, a biya, rarar ta zama tasu.

Albasar Adar, wadda duniya ta sani da sunan Galmi, labarinta dabam ne. Tana ruɓewa a rudu, ana cinikinta da buhu ba da kilo ba, kuma dillanci da lodin motocin Gana da Kwaddibuwa har yanzu maza suka fi yawa a ciki. Inda mata suka riƙe wuya shi ne gabu, tunda busasshiyar albasa tana yin watanni ba ta lalace ba.

A ganinmu babban cikas shi ne fili. Mata da yawa aron gona suke yi, kuma in mai gona ya dawo daga bida yana iya karɓe abinsa. Hukumar filaye ta COFO tana ba da takardar shaidar aro ko kyauta; gungun da zai haƙa rijiya a garka ya fara neman wannan takarda.