Kuɗin makarantun firamare a Gaya da Ajingi

Gaya da Ajingi ƙananan hukumomi ne masu maƙwabtaka a gabashin Jihar Kano. Kowacce tana da hukumar iliminta, wato LGEA, a ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB.

Albashin malamai

Kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya ƙananan hukumomi cikin masu ɗaukar nauyin ilimin firamare. Sashe na 162 ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Bisa tsarin da aka saba, kason Gaya, Ajingi da sauran 42 na Kano yana shiga wannan asusu, a cire albashin malaman firamare kafin a raba ragowar.

Gine-gine

Dokar UBE ta 2004 ta ware wa ilimin bai-ɗaya aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Jiha ba ta samun tallafin gina ajujuwa sai ta zuba kwatankwacinsa.

Hukuncin Kotun Ƙoli

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ƙungiyar malamai ta NUT ta daɗe tana fargabar cewa barin albashi a hannunsu zai dawo da jinkirin biya.