Ikon Ƙananan Hukumomin Amurka Kan Harbin Bindiga da Ƙararsa

A ƙasar Amurka, doka ta bai wa mutum damar mallakar bindiga, amma wurin da zai harba ta, da lokacin da zai harba, da yawan ƙarar da maƙwabta za su jure, batutuwa ne da suka daɗe suna haddasa ja-in-ja tsakanin ƙananan hukumomi da gwamnatocin jihohi da kotuna.

Tushen takaddamar

Gyara na biyu da aka yi wa kundin tsarin mulkin ƙasar a 1791 shi ne ya tanadi 'yancin riƙe makami. A 2008 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa 'yanci ne na kowane mutum domin kare kansa a gida, sannan a 2010, a shari'ar McDonald da birnin Chicago, ta ce wajibi ne jihohi da ƙananan hukumomi su ma su mutunta shi.

Ƙananan hukumomi kuwa ba su da wani iko sai wanda jiha ta ba su. Fiye da jihohi 40 sun kafa dokokin da suka mayar da yawancin harkar bindiga hannun majalisar jiha, bisa hujjar cewa bai kamata mai bindiga ya zama mai laifi don kawai ya tsallaka daga wani gari zuwa wani ba. Masu adawa da wannan tsari na cewa matsalar babban birni daban take da ta ƙauye.

Abin da ya rage a hannunsu

A jihohi da dama, majalisar gari na iya hana harbi a cikin unguwanni, ko ta ƙayyade tazarar da za a bari tsakanin mai harbi da gidaje da makarantu da hanyoyi. Haka kuma tana amfani da dokokin tsara gari wajen tantance inda za a gina filin koyon harbi, da sa'o'in aikinsa, da tsayin tudun ƙasar da zai tare harsashi. A inda jiha ta yarda, akan tilasta adana makami yadda yara ba za su kai gare shi ba. Birnin San Francisco ya yi haka a 2007, inda ya wajabta kulle ƙaramar bindiga a gida muddin ba a jikin mai ita take ba, kuma kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta goyi bayan dokar a 2014.

Sai dai ikon yana da iyaka. Bayan hukuncin 2010, Chicago ta sanya horo a filin harbi cikin sharuɗan samun izinin bindiga, kuma ta haramta irin waɗannan filaye a faɗin birnin. Kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da haramcin a 2011. A 2017 ta sake soke sababbin ƙa'idojin birnin, waɗanda suka bar kashi 2.2 cikin 100 kacal na filayensa a matsayin inda za a iya gina su.

Batun ƙara

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel. Hirar mutum biyu ba ta wuce kimanin desibel 60, yayin da ƙarar yawancin bindigogi ke haura 140, manyansu ma su zarce 160. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta tarayya ta ce bai kamata ƙarar da ke tashi farat ɗaya ta wuce desibel 140 ba, domin harbi guda na iya lahanta ji har abada idan ba a toshe kunne ba.

Majalisar dokokin ƙasar ta zartar da dokar taƙaita ƙara a 1972, amma a farkon shekarun 1980 aka daina ba da kuɗin tafiyar da ofishin da ke kula da ita, nauyin ya koma kan jihohi da ƙananan hukumomi. Da garuruwa suka faɗaɗa, gidaje suka matso kusa da tsofaffin filayen harbi, ƙorafe-ƙorafe suka ƙaru. A kan haka akasarin jihohi suka kafa dokokin da ke kare waɗannan filaye daga shari'a kan ƙara, muddin sun cika ƙa'idar da ke aiki a lokacin da aka buɗe su. Ma'ana, wanda ya zo ya tarar da filin harbi bai cika samun nasara a kotu ba.

Florida da Colorado

Florida ta karɓe ikon daga ƙananan hukumomi tun 1987. A 2011 ta ƙara da tarar da ta kai dala 5,000 kan duk jami'in da ya kafa dokar bindiga da gangan, kuma daga aljihunsa zai biya. Kotun Ƙolin jihar ta tabbatar da hukuncin a Janairun 2023. Da mazauna unguwanni suka koka kan masu atisayen harbi a bayan gidajensu, majalisar jihar ce ta haramta harbin nishaɗi a wuraren da ke da gida ɗaya ko fiye a kowace eka, a 2016.

Colorado ta bi wata hanyar. A watan Maris na 2021 wani alƙali ya soke dokar birnin Boulder da ta haramta manyan bindigogi, saboda ta saɓa wa dokar jiha. Kwana 10 bayan haka wani ɗan bindiga ya kashe mutum 10 a wani babban kanti a birnin. A watan Yuni na shekarar, Gwamna Jared Polis ya sanya hannu kan dokar da ta bai wa ƙananan hukumomi damar kafa ƙa'idojin da suka fi na jiha tsauri.