Alhaji Umaru na Kete-Krachi da gādon da ya bar mana

Idan aka ambaci tsofaffin waƙoƙin Hausa, hankalinmu yakan tafi Sakkwato ko Kano, sai ka ce mu Hausawan Gana ba mu da rabo a ciki. Alhali kuwa ɗaya daga cikin manyan marubuta waƙa da harshen nan ya yi yawancin aikinsa ne a ƙasar nan, kudu da mu kaɗan.

An haifi Alhaji Umaru a Kano wajen shekarar 1858. Iyayensa Kabawa ne, mahaifinsa kuma bafataken goro ne mai bin hanyar Gwanja. Wannan hanya ce ta kawo Malam Umaru Salaga, inda ya zauna a 1892. A shekarar ce yaƙin sarauta ya tarwatsa garin, kasuwar goro ta watse, fatake suka bazu. Shi ma daga baya ya koma Kete-Krachi, ya zama limaminta, ya karantar da ɗalibai har rasuwarsa a 1934.

Da Larabci da Hausar ajami ya riƙa rubutu, kuma zamaninsa ne ya zuba a cikin baitoci. A Waƙar Nasara ya ƙidaya garuruwa da sarakunan da Turawa suka ci da yaƙi. A Waƙar Talauci da Wadata ya nuna yadda ake girmama mai dukiya, a wulaƙanta matalauci ko da shi ne mai gaskiya. Ya yi waƙa a kan annobar mura ta 1918, ya kuma mayar da waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa. Tarihin ƙasar Hausa da ya rubuta wa Adam Mischlich, jami'in Jamus a Kete-Krachi, har yau masana na dogara da shi.

Waƙoƙin nan ba ɗab'i ne ya raya su ba. Ɗalibi ne ke kwafa da hannunsa, ya tafi da ita zangonsu, ya rera a zaure bayan sallar isha, wanda bai iya karatu ba ya haddace da kunne. Haka suka ratsa zangogi tun daga Kumasi har arewa. Shi ya sa da ruwan tafkin Volta ya cinye tsohon garin Kete-Krachi bayan gina madatsar Akosombo, bai ci waƙoƙin ba. A shekarun 1960 masu bincike na Jami'ar Gana da ke Legon suka bi gidajen malamai suna ɗaukar kwafinsu.

To, ajiya a Legon ba ta maye gurbin zaure. A nan Dabokpa yaranmu suna jin Dagbanci a unguwa, suna karatu da Turanci, Hausa kuwa ta tsaya a ciniki da gaisuwa. Ƙalilan ne cikinsu za su iya karanta shafi guda na ajami. Ranar da mai rerawa na ƙarshe ya kwanta dama, takarda za ta saura, amma karin waƙar ya tafi da shi.

Saboda haka muna roƙon dattawanmu da malamanmu: duk mai tsohuwar takarda a gafaka ya fito da ita, a sa rana a zauna, babba ya rera, yaro ya bi, a ɗauki muryar a waya. Allah ya jiƙan Alhaji Umaru, ya sa aljanna ce makomarsa.