Daga Masauki Zuwa Gidan Haya: Yadda Sana'armu Ta Taso a Kano

A tsohon birnin Kano, falke in ya iso da ayarinsa masauki yake nema, ba ɗakin haya ba. Fatoma ne ke ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa haja, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in an yi bashi. Ribar fatoma tana cikin la'adar ciniki, shi ya sa lafiyar baƙo da dukiyarsa suke wuyansa. Dattawan da suka koya mana kula da gidaje daga wannan tarbiyya suka fito.

Layin dogo ne ya sauya al'amarin. Ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aka yanka Sabon Gari a 1913 don ma'aikatan jirgi da akawunan kamfanoni da 'yan kasuwa daga Kudu. Waɗannan mutane albashi suke ɗauka, kuma zama suka zo yi. Sai aka gina musu ɗakuna jere, ƙofa na kallon ƙofa, madafa da banɗaki na kowa da kowa, ana biya wata-wata. Fagge ta bi sahu, daga baya Tudun Wada da Gwagwarwa suka cika da leburori da ma'aikatan masana'antun Bompai. A lokacin mai gida yakan zauna cikin gidan ko kusa da shi. Ya san wanda aka yi wa haihuwa, ya san wanda aka sallama daga aiki, in wata ya yi tsanani yakan ɗaga ƙafa.

Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, ma'aikatu suka yawaita a zamanin Gwamna Audu Bako, sannan kuɗin mai da ƙarin albashin da kwamitin Udoji ya kawo suka shigo hannun jama'a. Gwamnati ta gina rukunin gidaje irin na Kundila da Gwammaja, ma'aikaci ya ɗanɗana ciki da falo da famfo a tsakar gida, ya daina yarda da ƙasa da haka. Bulo da kwano suka ture tubali da azara. Attajiran Kantin Kwari da ma'aikatan da suka karɓi garatuti duk suka gane cewa gida ajiya ce da ke haihuwa.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna. Daga nan takardar shaidar mallaka ta zama ita ce magana, sayarwa ko jingina sai da amincewar gwamna. Shaidar mai unguwa da ta maƙwabta tana nan da darajarta, amma banki ba ya ba da rance a kanta. Wannan ya jawo lauyoyi da ƙwararrun masu ƙiyasta kadara cikin harkar da a da dillali kaɗai ke riƙe da ita.

Babban sauyin da ya fi taɓa mu ya biyo bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986. Naira ta karye, siminti ya yi tsada, mai gida ya ga abin da yake tarawa wata-wata ba ya isa ko gyaran rufi. Sannu a hankali aka koma karɓar shekara guda a dunƙule, a Abuja da Legas har shekara biyu, sai da Legas ta yi doka a 2011 ta hana karɓar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Biyan shekara ya kare mai gida, amma ya ɗora nauyin a kan mai ƙaramin ƙarfi, ya kuma raba mutanen biyu: yau akwai ɗan hayan da bai taɓa ganin mai gidansa ba, dillali kawai ya sani.

Gidajen da muka ga sun mutu a hannun masu su, yawanci rashin gyara ne ya kashe su. Wanda ya daɗe a harkar nan yana ware wani kaso na kuɗin haya kafin ya taɓa sauran. Yana yashe kwata da duba kwano kafin damina, yana kwashe sokawe kafin ta cika, yana sa wa kowane sashe mitarsa don kashe rigimar kuɗin wuta. Yana rubuta yarjejeniya gaban shaidu. In zama ya ƙi daɗi, ɗan hayan shekara yana da haƙƙin notis na wata shida matuƙar yarjejeniya ba ta ce wani abu daban ba, sannan na kwana bakwai, sannan kotu. Cire ƙofa ko yaye rufi zalunci ne, kuma a gaban alƙali mai gida ne zai kwana a ciki. Gidan gado ma yana buƙatar wakili guda da magada suka amince da shi, in ba haka ba kowa ya karɓi rabonsa, ba mai sayen ko kwanon rufi ɗaya.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023, matsi ya ƙaru a kan kowa, ga waɗanda rashin tsaro ya koro suna ta shigowa birni. Ƙarin haya ya zama dole a wurare da yawa, amma a sanar da wuri, a yi shi daidai ƙarfin unguwa. Ɗan haya mai biya a kan lokaci, mai share gida kamar nasa, ya fi ƙarin da zai kore shi, domin wata uku da ɗaki zai yi a rufe sun isa su cinye ribar ƙarin baki ɗaya.