Daga Dandali Zuwa Aji: Tarihin Siffar Matashi a Arewacin Yobe

Idan malamin sakandare a Yusufari ko Gashuwa ya umarci ɗalibansa su jera halayen matasa a kan allo, abin da alli kan fara rubutawa shi ne rawar kai da son ado da riƙon waya, alhali kuwa wannan siffa ba ta daɗe ba. A tsohon tsarin ƙauyukan Hausa, wanda ya balaga bai yi aure ba saurayi ne ko budurwa, kuma samartaka matsayi ne mai shugabanni da ayyuka sanannu. Samari suna naɗa Sarkin Samari, suna raba sarautun wasa irin su Galadima da Alƙali, suna kwaikwayon fada, har sukan ci tarar wanda ya saɓa ƙa'idar dandali, wato filin da ake taruwa da dare domin kiɗa da hira. Da damina su ne ƙarfin gayya, watau noman taimakekeniya, inda sukan jeru a gona guda da fartanya, makaɗi na binsu yana zuga mai himma, yana zambo ga rago. Da kaka kuma su shirya kalankuwa, bikin murnar amfanin gona.

Isowar jirgin ƙasa Nguru a 1930 ta buɗe kasuwar gyaɗa da ƙaro da fatu, sai saurayi ya fara samun kuɗin kansa ta hanyar dako da cirani ba tare da jiran rumbun uba ba. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya tsawaita zangon da ke tsakanin balaga da aure, shekarun da a da ake shafewa a gandu suka koma aji. A tsallaken iyaka kuwa, gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta karɓi mulkin Nijar a 1974, ta farfaɗo da ƙungiyoyin Samariya, ta mayar da su hannun hukuma wajen aikin gayya da bukukuwan ƙasa.

A ɓangaren Yobe kuwa, sarautun dandali sun dushe sakamakon boko da wa'azin malamai kan cuɗanyar maza da mata, majalisar bakin titi da kulob ɗin ƙwallo suka gaje su. Saboda haka jerin da ke kan allo yana nuna halin matashi ne bayan an raba shi da muƙamin da a da yake auna hankalinsa.