Tarewa Iri Biyu a Ƙasar Karaye da Rogo

Mu da muka tashi a wannan yanki mun ga tarewa iri biyu: wadda mutum ke yi don ra'ayin kansa, da wadda ruwa ya tilasta.

A zamanin iyayenmu, idan magidanci zai ware daga gandun mahaifinsa, ba gini yake farawa da shi ba. Mai unguwa zai fara gani, shi kuma ya kai shi gaban dagaci a yanka masa fili a gaban shaidu. Daga nan sai rijiya, domin gidan da ba ruwa zango ne kawai. Sannan a kira gayya a kwaɓa ƙasa, a yi tubali, a ɗora azara, duk a cikin rani, kafin ruwan farko ya faɗi. Aikin da ya fi tsaya mana a rai shi ne daɓe. Mata ne ke yinsa. Su baza tsakuwa a ɗaki, su yayyafa ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, su yi ta bugu da madaɓi suna waƙa, har ƙasa ta yi sumul tana ƙyalli. Siminti ya kashe wannan sana'a, kuma a ganinmu bai kai ta sanyi ba. Rumbu kuwa dole ne ya tsaya kafin kaka. Ranar tarewa malamai su yi saukar Alƙur'ani, a turara ɗakuna, a aika wa maƙwabta sadaka. Da wannan ne unguwa ke sanin ta yi sabon ɗa.

Tarewa ta biyu ta zo ne da madatsar ruwa ta Challawa, wadda kamfanin Julius Berger ya gina tsakanin 1990 da 1992, shekaru goma sha takwas bayan ta Tiga, da aka gama a 1974. Tana riƙe ruwa kimanin mita kubik miliyan 900, kuma wannan ruwa a kan gonaki da gidajen mutane ya kwanta. Ƙauyuka suka tashi ɗungurungum zuwa sababbin matsugunai.

A nan tsarin nan na gargajiya ya juye. Ayyukan da ake bi ɗaya bayan ɗaya cikin shekara guda, sai ga su sun taru a kan kowa lokaci guda, ba kuma mai yi wa wani gayya, tun da kowa nasa gidan yake ginawa. Kuɗin diyya na iya sayen kwano da bulo. Ba ya sayen fadamar da kakanni suka yi wa taki, ko kukar da aka gada, balle maƙabartar da ruwa ya rufe. Wasu manoman sun koyi jefa koma da tuƙa kwale-kwale da girmansu, wasu suka kama noman rani a bakin ruwa.

Mu malaman makaranta namu aikin shi ne neman yaran da suka watse, mu sake shigar da su rajista. Muka riƙa bin gidaje da littafi a hamata. Shekaru bayan haka, idan muka tambayi yaro garinsu, sunan tsohon ƙauyen yake faɗa, ko da kuwa a sabon matsuguni aka haife shi. Mu ma haka muke rubutawa.