Daga Fayil Zuwa Kwamfuta: Tarihin Albashi da Riƙon Ma'aikata

Duk wanda ya kama aikin gwamnati a cikinmu tun da daɗewa ba zai manta da ranar albashi ba. Mai biya yakan zauna da akwatin ƙarfe, akawu na gefensa riƙe da bauca, a kira sunanka, ka sa hannu ko ka dangwala, ka ƙirga kuɗinka ka fita. Tarihin ma'aikaci kuwa, tun daga takardar ɗaukar aiki har zuwa ƙarin girma da hutun shekara, duk yana cikin fayil guda wanda masinja ke yawo da shi ofis-ofis. In fayil ya ɓace, sai ka ce mutum bai taɓa aiki ba, kuma da yawa ba su gane haka ba sai ranar neman fansho.

Shigar na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, cikin wannan sha'ani ya samo asali ne daga Ingila. Wani kamfanin shagunan shayi da gidajen burodi mai suna Lyons ya ƙera na'urarsa da ya kira LEO, kuma a shekarar 1954 ta fara lissafa albashin ma'aikatansa a Landan. Lissafin mutum ɗaya da ke cin akawu minti 8, na'urar kan gama shi kafin daƙiƙa biyu su cika.

A Nijeriya, babban abin da ya tilasta wa gwamnati bin wannan hanya shi ne matsalar ma'aikatan bogi: sunayen matattu, da na waɗanda suka bar aiki, da na waɗanda ba a taɓa haifa ba, duk suna karɓar albashi. A shekarar 2007, da taimakon Bankin Duniya, aka fara gwada tsarin IPPIS a ma'aikatu da hukumomi 7 na tarayya. Yadda yake aiki shi ne, a ɗauki hoton ma'aikaci da zanen yatsunsa da bayanansa a adana wuri guda, sannan albashi ya tafi kai tsaye zuwa asusunsa na banki ba tare da ya bi ta hannun kowa ba. A 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN, wadda ta sa mutum ɗaya ba zai iya ɓuya a bayan asusu goma ba. Da aka gwama wannan lamba da jerin masu albashi, sai Ma'aikatar Kuɗi ƙarƙashin Kemi Adeosun ta bayyana a Fabrairun 2016 cewa ta cire sunaye 23,846, abin da ya rage sama da naira biliyan 2 a wata.

To, amma masu iya magana sun ce kowane allazi da nasa amanu. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta ƙi tsarin, tana cewa bai san malamin da ke koyarwa na wucin gadi a wata jami'a ba, kuma ya tauye 'yancin jami'o'i na ɗaukar ma'aikatansu. Ta kawo nata tsarin mai suna UTAS. Wannan taƙaddama na cikin dalilan yajin aikin wata 9 a 2020 da na wata 8 a 2022, lokacin da 'ya'yanmu suka yi zaman gida. Sai a Disambar 2023 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince a cire jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi daga IPPIS.

Akwai kuma hasarar da ba ta shiga lissafi. Masu buga tafireta da akawunan albashi da yawa aikinsu ya shuɗe. Bugu da ƙari, harafi ɗaya da aka yi kuskure a sunan mutum ko ranar haihuwarsa ya isa ya tsayar da albashin ma'aikaci na gaskiya, alhali a da akawun da ya san fuskarsa zai gyara nan take. Na'ura abin da aka ba ta kawai take riƙewa, don haka in mai shigar da bayanai ba shi da amana, ma'aikacin bogi zai koma ciki ta sabuwar ƙofa.

Saboda haka, shawarata ga waɗanda ke bakin aiki har yanzu ita ce, kowa ya tabbata sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a fayil da banki da katin ɗan ƙasa, ya kuma adana takardunsa na asali. Waɗanda kuma suka zama shugabannin ma'aikata a cikinmu, in wani ya zo da kukan an tsallake sunansa, ku saurare shi kafin ku ce masa kwamfuta ce ta yi. Allah ya sa mu gama lafiya.